Gyara kan maganar Astro Boy da Pluto, daga wanda ya sha wahalar jera shekarun

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikatan jaridar nan tamu, Allah ya ƙara basira, ya kuma kawo muku sauƙin tsadar takarda, amin. Ni mai karatunku ne tun ba yau ba amma ban taɓa rubuto muku ba, abun dariyar kuma ranar da na tashi rubutowa ba maganar fetur ko ta tsaro ce ta taso ni ba, maganar katun ce. Na san wasu za su ce bawan Allahn nan ba shi da aikin yi, to su yi haƙuri, malamin makaranta ne ni kuma hutu ake.

A shafinku na nishaɗi na makon da ya wuce an rubuta cewa Pluto, wanda Netflix ta saki a watan Oktoban 2023, wai ci gaban labarin Astro Boy ne, daga inda wancan ya tsaya wannan ya ɗora, sannan aka ƙara da cewa a 1963 aka ƙirƙiro Astro Boy ɗin. Duka biyun akwai gyara a ciki. Kuma wallahi ban ga laifin wanda ya rubuta ba, don ni kaina haka na faɗa wa ɗan yayana da bakina, da gadara ma kuwa, kafin abun ya zo ya kunyata ni. Yaron ne ya kalli Pluto a wayar babansa ya zo ya same ni yace Baffa wai wanne ne farko, kuma shi Atom ɗin, wato Astro Boy, shekararsa nawa a lokacin da aka yi wannan faɗan na cikin Pluto? Nace kai wannan ai mai sauƙi ne, ba ni zuwa gobe. Dama ina da fassarar Turancin Astro Boy gaba ɗaya, ƙananan littattafai 23 da kamfanin Dark Horse ya buga tsakanin 2002 da 2004, wani Ba'amurke Frederik Schodt ya fassara, ƙanina ne ya taho min da su lokacin da ya gamo karatu a waje. Na sayi littafin rubutu mai falle 60, na ja layi da rula daga hagu zuwa dama, nace zan jera komai a kai shekara bi shekara. Goben nan ta zama sati uku. Ɗan hakin da ka raina.

Bari na fara da wanda bai san labarin ba. Osamu Tezuka ne ya zana shi, mutumin Japan, an haife shi 1928 ya rasu 1989, kuma likitanci ya karanta amma zane ya ɗauke shi. Asalin sunan yaron Atom, sunan Astro Boy Amurkawa ne suka laƙaba masa da suka sayi katun ɗin don gidajen talabijin ɗinsu a 1963, ina jin nan ne marubucinku ya samo shekarar. Eh gaskiya ne ranar 1 ga Janairun 1963 aka fara nuna katun ɗin a tashar Fuji TV, baƙi da fari, amma a lokacin Atom ya kusa shekara 12 a takarda. Ya fara fitowa a watan Afrilun 1951 a wata mujallar yara maza mai suna Shonen, Tezuka yana ɗan shekara 22, daga Afrilun 1952 kuma aka ba shi labarin kansa, aka yi ta bugawa wata wata har Maris ɗin 1968. Labarin shi ne wani Dakta Tenma, shugaban Ma'aikatar Kimiyya, ɗansa Tobio ya mutu a haɗarin mota, baƙin ciki ya sa ya ƙera mutum-mutumi mai kamar yaron sak, mai ƙarfin doki dubu 100, yana tashi sama, idanunsa fitila, harda bindigogi a mazaunansa, wannan kam kar ka tambaye ni dalili. Da ya ga shekaru na tafiya yaron ba ya ƙara tsawo sai ya tsane shi, ya sayar da shi ga wani mai gidan wasan kallo, irin masu yawo da dabbobi da 'yan tsalle-tsalle, daga nan wani dattijo mai ƙaton hanci Farfesa Ochanomizu ya ceto shi ya riƙe. Ranar haihuwarsa a cikin labarin kuwa 7 ga Afrilun 2003 ce.

To nan na kafa ƙusa ta farko a kan layina, na rubuta 2003, haihuwa. Sai na ɗauko littafi na 1, ga labarin haihuwar nan a shafin farko, nace alhamdulillahi abun a jere yake, na ci gaba da bin littattafan ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa. Ban yi nisa ba na fara ganin abun mamaki, zanen shafukan farko sumul, hannun gwani, ka wuce gaba sai ka tarar da wani labarin da zanensa ya koma irin na da, yaron ma kamanninsa sun ɗan sauya. Ashe labarin haihuwar da ke buɗe littafi na 1 sai a 1975 Tezuka ya zana shi, shekara 7 bayan mujallar ta daina fitowa, lokacin da ake tattara labaran a sabon bugu. Kuma da aka zo tattarawar ba a bi wanne ya riga wanne ba, an zuba su ne yadda aka ga ya dace, shi kuma ya riƙa zana kansa da hularsa ta masu zane da tabarau a farkon wasu labaran yana ba da bayani, yana gyara wani wurin, yana sake zana wani, yana yanke wani. Shi kuwa labarin 1951, wanda shi ne na farko na gaskiya, can cikin jerin za ka tsince shi bayan ka wuce rabi, kuma a ciki Atom ba shi ne ma tauraro ba, labarin wasu halittu ne daga wata duniya da suka sauka a ƙasa, kowane mutum na duniya da mai kama da shi a cikinsu, rikici ya tashi, Atom ya zama ɗan aiken sulhu a tsakani. Kenan duk wanda ya bi lambar da ke bangon littafi ya ɗauka yana bin tarihi ne, to ya kama hanyar da ba ta ɓullewa. Kwana 4 na ɓata a kan wannan kafin kan mage ya waye.

Na yage shafin na sake dabara. Nace tunda lambar littafi ta ƙi, bari na bi dangi, ai mu ma a gida haka muke lissafi, a ce shekarar da aka haifi wance, ko shekarar da wane ya shiga aji ɗaya, tsofaffinmu da ba su riƙe kalanda da haka suke gane komai kuma da wuya su kuskure. To Malam Edita gidan su Atom gidan rikici ne. Iyayensa dai su ma mutum-mutumi ne, kuma bayan shi aka ƙera su don kar ya zauna cikin maraici, wato ɗa ya girmi uwarsa da ubansa. Ƙanwarsa Uran ta shigo a 1960, wannan ba gardama. Sai Cobalt, wanda kamarsu ɗaya da Atom sai dai ya fi shi tsawo da sanyin kai. A labarin takarda Cobalt ƙani ne, Ochanomizu ya ƙera shi lokacin da Atom ya ɓace ana nemansa. A katun ɗin talabijin na 1963 kuma sai aka mai da shi wa, wai Tenma ya fara gwada hannu da shi kafin ya ƙera Atom. To ka ce a ina zan sa shi, kafin 2003 ko bayanta? Na rubuta shi da fensir na goge ya fi sau biyar har takardar ta huje.

Amma babban abun da ya tsaya min a rai, wanda sai da na kwana ina juya shi, shi ne labarin nan tun daga tushe ba shi da agogo. Yaro shi ne agogon gida, da girmansa ake gane shekaru sun tafi, wando ya ɗage, murya ta fashe, an yi kaciya, an yi sauka. Atom kuwa abun da ya sa ubansa ya yar da shi kenan, ba ya girma. Tezuka ya ɗauki wannan ciwon ya sa a tsakiyar labari, sannan ya ƙi barin sauran yaran ajinsu ma su girma, shekara 16 ana bugawa suna firamare, malaminsu mai gashin bakin nan yana nan yadda yake, ko furfura ɗaya bai ƙara ba. Ni da nake koyarwa na san in yaro ya maimaita aji sau biyu iyayensa har ofishin shugaban makaranta suke zuwa, waɗannan sun maimaita sau 16 ba wanda ya ce uffan. Saboda haka tambayar yaron nan ta cewa Atom shekararsa nawa lokacin faɗan Pluto, amsarta a cikin labarin ba ta da wurin tsayawa.

Alama ɗaya na samu mai ɗan ƙwari, ita ce ƙarfin doki. A labarin da aka buga daga tsakiyar 1964 zuwa farkon 1965, wanda sunansa ke nufin mutum-mutumin da ya fi kowa a doron ƙasa, wani hamɓararren sarki ya sa aka ƙera masa wani ƙato mai ƙaho biyu, Pluto, mai ƙarfin doki miliyan 1, ya tura shi ya rusa mutum-mutumi 7 mafiya ƙarfi a duniya, akwai Mont Blanc na Suwizalan, da North mai lamba 2 na Sikotlan, da Brando na Turkiyya, da Gesicht na Jamus, da Hercules na Girka, da Epsilon na Ostareliya, sai Atom na Japan. Atom ya ga da dubu 100 ba zai kai labari ba, Ochanomizu ya hana a ƙara masa, Tenma kuwa ya dawo ya ƙara masa zuwa miliyan 1. Nace madalla, duk inda na ga dubu 100 kafin Pluto ne, duk inda na ga miliyan bayan Pluto ne. Dabarar ta yi aiki daidai gwargwado, ita ce ma ta tabbatar min da hargitsin jerin, don labarin Pluto yana littafi na 3 ne a fassarar da nake da ita, ka wuce shi ka ci gaba da karatu sai ka ga Atom ya koma dubu 100 abunsa kamar ba a taɓa yi ba, saboda labaran da suka biyo baya a littafi da yawansu sun riga shi fitowa a mujalla.

Sai na juya ta ƙarshe, nace in farko ya gagara bari na kama wutsiya na dawo baya. Nan ne na yi gudun gara na faɗa gidan zago. Atom ƙarshensa ya fi ɗaya. A takarda, cikin labarin wani barde mai shuɗin sulke na 1965 zuwa 1966, inda mutum-mutumi suka gaji da wulaƙancin 'yan Adam suka yi bore Atom ya karkata wajensu, an ragargaza shi, Tenma ya sake tada shi amma ya farka da wani hali na ko in kula da mutane. A talabijin kuma, ranar 31 ga Disamban 1966, kashi na 193 wanda shi ne na ƙarshe, rana ce ta yi zafin da za ta hallaka duniya, Atom ya rungumi na'urar da za ta kwantar da ita ya tashi ya shige cikin ranar, shikenan, a daren sabuwar shekara aka bar yaran Japan da hawaye. Ita kuwa mujallar Shonen da ta ɗauki asalin labarin, ba kammala shi aka yi ba, mujallar ce ta rufe a 1968. A 1970 Tezuka ya sake zana wani gajere mai ɗaci a wata mujallar daban, an sa shi a shekarar 2055, mutum-mutumi sun mallaki duniya, Atom yana ajiye a gidan kayan tarihi aka je aka taso shi. A 1972 kuma ga wani inda halittun wata duniya suka tsinci gawarsa bayan shigarsa rana suka gyara. To wanda ya narke a rana a ƙarshen wani labari, ya aka yi yana kwance lafiya a gidan tarihi a wani? Layi ɗaya ba zai ɗauke su ba ko da rular ƙarfe aka ja shi.

Wanda ya ƙarasa karya min rula shi ne labarin da aka buga a jaridar Sankei daga 1967 zuwa 1969, kullum kaɗan kaɗan, yana littafi na 6 zuwa na 8 a nawa. A nan fashewar wani jirgin sama jannati ce ta cilla Atom baya cikin zamani, shi da wata mata daga wata duniya mai suna Scara wadda jinsinsu kamar fara suke, suka faɗo Japan ta 1969. Babu mutum-mutumi irinsa a lokacin, babu inda zai samu makamashin da yake aiki da shi, yana tafiya yana ƙarewa kamar wayar da ba caja. A haka har ya je Biyetnam ana tsakiyar yaƙi, ya tare wa wani ƙauye bama-baman jiragen Amurka. Labarin ya gangaro har ya iso ranar da Tenma zai ƙera shi, ga tsohon Atom ga sabo na shirin tashi, biyu ba za su zauna a zamani ɗaya ba, dole tsohon ya kau, daga nan kuma aka sake ba da labarin haihuwa da sayarwa da gidan wasan da wani salo daban da na littafi na 1. Kuma farkon labarin da ya fito a jarida ba shi ne wanda ke cikin littafi ba, na jarida ya ɗora ne daga shigarsa rana ta talabijin, da aka zo littafi Tezuka ya canza mafarin.

Yanzu Edita don Allah ka taya ni, 1969 ɗin nan ina zan sa ta? In kalandar cikin labari zan bi ita ce farkon komai, shekara 34 kafin a haife shi. In kuma abun da shi Atom ya gani da idonsa zan bi, tana can ƙarshe, bayan ya san Ochanomizu da Uran da kowa. In alƙalamin Tezuka zan bi tana bayan Pluto, kafin labarin haihuwar da ke shafin farko. Wuri uku, kuma kowanne gaskiya ne. Ranar da na gane haka ina zaune a tsakar gida da takardu baje a tabarma, Hajiyarmu ta fito alwala ta tambaye ni ko sakamakon jarrabawar yara nake haɗawa, na yi mata bayani sama sama, ta yi dariya tace kai ɗan nan, Gizo sau nawa ya mutu a tatsuniya, ka taɓa jin wanda ya tambayi ko satar gyaɗar ce ta riga zuwansa gidan sarki? In aka ce ƙurunƙus an shafe allo, gobe a ce ga ta nan ga ta nanku Gizo ya taso da Ƙoƙi garau. Ta shige abunta. Na ji haushi kaɗan don sati biyu nake fama ita ta gama da ni a tsaye da buta a hannu.

Sai dai ban yarda da ita gaba ɗaya ba, kuma nan ne dalilin wasiƙar nan. Tatsuniyar Gizo ba ta da kwanan wata, ba wanda zai ce maka ga shekarar da aka fara ta. Atom kuwa kowane labari akwai watan da ya fito da shekarar, a rubuce. Da na daina neman layi ɗaya na raba shafi gida uku, gida na farko shekarar da aka zana, na biyu shekarar da labarin ya ce ana ciki in ya faɗa, na uku kuma a ina ya fito, mujalla ko jarida ko talabijin ko gyaran littafi, sai komai ya zauna, kuma na lura gida na biyu kusan fanko ne, 'yan shekaru ne jefi jefi, gida na farko shi ke magana. Duba ka gani. Yaron sunansa Atom, ƙanwarsa Uran wato yuraniyom, ɗan'uwansa Cobalt, duk sunayen kayan nukiliya, a ƙasar da aka jefa wa bam ɗin nukiliya biyu a 1945, shekara 6 kacal kafin a zana shi, kuma aikinsa na farko sulhu ne tsakanin masu gida da baƙin da suka sauka, a lokacin da sojan Amurka ke riƙe da Japan, don sai 28 ga Afrilun 1952 mamayar ta ƙare, watan da Atom ya samu labarin kansa. Boren mutum-mutumi ya zo a shekarun da ɗaliban Japan ke yawan fita zanga-zanga. Ƙauyen Biyetnam an zana shi ne ana jefa bama-baman da gaske, mai karatu ya ga hoton yaƙin a shafin farko na jarida ya juya ciki ya ga Atom a wurin. A cikin wannan labarin na Sankei akwai wani mutum-mutumi Bailey da ya je a yi masa rajista a matsayin ɗan ƙasa a Amurka, taron mutane suka farfasa shi a titi, wanda ya san abun da baƙaƙen fatar Amurka ke ciki a shekarun 1960 ba sai an yi masa fashin baƙi ba. Ni a ganina mai son ya fahimci Atom ya bar wahalar da kansa da 2003 da 2055, ya riƙe 1951 zuwa 1975, don duk tafiyar da yaron ya yi zuwa gaba, labarin zamanin mai zanen yake ɗauke da shi.

Da wannan ma'aunin Pluto na Netflix ya samu wurinsa cikin sauƙi, kuma wurin ba bayan Astro Boy ba ne. Naoki Urasawa ne ya zana shi tare da Takashi Nagasaki, da amincewar ɗan Tezuka wato Macoto, a mujallar manya Big Comic Original daga 2003 zuwa 2009, littafi 8, katun ɗin ma kashi 8. Abun da ya yi shi ne ya ɗauko wancan labari guda na 1964 ya sake ba da shi daga farko da bakinsa. Mutum-mutumi bakwai ɗin nan su ne dai, sunayensu da ƙasashensu, amma Gesicht na Jamus wanda a wajen Tezuka 'yan shafuka ya yi aka gama da shi, a nan shi ne ɗan sandan ciki da ke binciken kashe-kashen, da matarsa da mafarkansa masu firgitarwa. Atom kuma an zana shi kamar yaron mutane sosai, ba ka gane inji ne. Hamɓararren sarkin nan ya koma Darius na 14 na masarautar Farisa, aka ƙirƙiro wani yaƙi da ake kira na 39 na tsakiyar Asiya, wata babbar ƙasa mai suna Thracia ta zargi Farisa da ɓoye mutum-mutumin kisan kiyashi, aka tura tawagar bincike mai suna Bora, ba su samu abun da ake zargi ba, aka kai yaƙin duk da haka. Edita kai ɗan jarida ne, ka san wannan labarin ba sai na faɗa ba. An afka wa Iraki a watan Maris na 2003, Pluto ya fara fitowa a Satumba. Kenan ko shi ma gida na farko ne ya fassara shi. Mutumin da ya ce ci gaba ne zai sa mai kallo ya yi ta neman inda aka tsaya, alhali Mont Blanc ɗin da aka kashe a farkon Pluto an riga an kashe shi sau ɗaya tun 1964.

Sauran katun ɗin Astro Boy da aka yi daga baya kuwa ban ɓata musu tawada ba, kowanne na ba shi shafinsa daban. Na kala na 1980 mai kashi 52 ya matsar da labarin zuwa 2030 ya kuma ba Atom wani abokin gaba Atlas da aka ƙera da taswirar jikinsa, na 2003 mai kashi 50 aka fara nuna shi ranar 6 ga Afrilu, jajibirin haihuwar, fim ɗin 2009 kuma ya mai da Tobio ya koma Toby. Kowannensu sabon zubi ne daga farko.

Wani abu da ya ba ni dariya ya kuma ɗan sosa min rai, ranar 7 ga Afrilun 2003 ɗin da Tezuka ya hango daga nesa ta zo ta wuce muna raye, Litinin ce. Shi bai gan ta ba, ya rasu shekara 14 kafin ta zo. Mutanen Japan sun yi biki sosai, garin Niiza inda ɗakin zanen kamfaninsa yake suka yi wa Atom rajistar zama ɗan gari, tashar jirgin ƙasa ta Takadanobaba a Tokyo, unguwar da labarin ya ce nan Ma'aikatar Kimiyyar take, aka sa kiɗan katun ɗin ya zama alamar tashin jirgi. Mutum-mutumin da suke da shi a zahiri lokacin shi ne ASIMO na Honda, yana tafiya a hankali kamar mai ciwon baya, ba tashi sama ba bindiga. Mu nan kuwa hankalinmu na kan zaɓe, saura kwana 12 a yi na shugaban ƙasa, ni ina ɗan saurayi ina bin motar kamfen, kwana 2 bayan haihuwar Atom kuma Bagadaza ta faɗi muna jin ta a rediyo. Da wani ya ce min yau ake haihuwar wani yaron ƙarfe a Tokyo da na ce a kai shi a yi masa ruƙiya.

Roƙona dai ku ɗan gyara a fitowa ta gaba, ko layi biyu ne, 1951 a takarda 1963 a talabijin, Pluto kuma sake ba da labari ne. Wanda ke son karantawa kuma ya samu littattafan, shawarata ya fara da na 1 don ya san waye waye, ya tsallaka na 3 ya karanta faɗan Pluto na asali, sannan ya kalli na Netflix, zai ji daɗinsa ninki biyu don zai riƙa gane inda Urasawa ya bi da inda ya kauce. Na 6 zuwa 8 a bar su sai an saba da yaron, in ba haka ba zafin labarin ba zai shiga ba. Sannan matasanmu da ke zana labarai suna sakawa a Facebook da WhatsApp, na ga wasu hannunsu ya fara faɗawa, don Allah ku riƙa rubuta kwanan wata a gindin kowane shafi, ba ya cin komai.

Shi kuwa ɗan yayan nawa na miƙa masa littafin mai gida uku, ya duba ya duba yace Baffa to har yanzu ai ba ka faɗa min shekarar Atom ba. Nace in daga 1951 ne ya girmi babanka nesa ba kusa ba, in daga 2003 ne sa'an yayarka ne, in kuma a fuska ne kai ka girme shi. Yace wannan amsar 'yan siyasa ce. Ya tafi da littafin, jiya ya aiko min saƙo wai ya mai da Cobalt kafin 2003 kuma da biro ya rubuta don kar na goge.

Wassalam. Na gode da ba ni fili.

Naku,
Wani malamin sakandare, daga Zariya